Ranar da Liman Ya Zuƙi Soda

Ɗakin kimiyyar makarantarmu yana da dokoki masu kyau, an rubuta su da Turanci a wani allo kusa da ƙofa. Ba a gudu, ba a cin abinci, ba a ɗanɗana komai. Kana gama karantawa ka shiga, sai a miƙo maka siririn bututun gilashi, a ce ka sa baki ka zuƙo asid ko ruwan soda har ya kai wani ɗan zane, ka yi maza ka toshe da yatsa. Wai awo ke nan. Akwai fa wasu 'yan robobi da ake matsawa su zuƙo maka, kwali guda aka aiko mana, amma suna kulle a sito don kada ɗalibai su lalata su. Roba a adana, bakin ɗan mutane kuwa ko oho.

A farkon shekarun saba'in ne, muna aji huɗu na sakandare a Kaduna. Malaminmu Ba'indiye ne, mutumin kirki, kullum sai ya ja mana kunne cewa abin nan yana ƙona maƙogwaro. Wa ya saurare shi? Gasar sauri ma muke yi. In ya taɓa harshen wani ya tofar, aji ya kwashe da dariya, a ci gaba.

Sai azumi ya kama. Wallahi ranar farko malamin nan tsayawa ya yi yana kallonmu baki buɗe. Kowa ya natsu, ana zuƙa a hankali kamar mai shan kunu da zafi. Ya ɗauka wa'azinsa ne ya fara shiga, har ya yaba mana. Bawan Allah! Ba ƙuna muke tsoro ba, azumi muke tsoron ya karye. Wani ɗan ajinmu Kirista, mutumin kudancin Zariya, shi ya zama babban mutum a watan nan. Layi ake yi a teburinsa ya zuƙo wa jama'a, har da masu ce masa ranka ya daɗe.

Abokin teburina ɗan kawuna ne, a gidanmu yake zaune a Unguwar Rimi. Liman muke ce masa, saboda tun yana firamare bai taɓa shan azumi ko ɗaya ba, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Ni da na sha biyu a shekarar da ta gabata saboda zazzaɓi, kullum da sahur sai ya tambaye ni ko yau ma jikin zai motsa. Abokin wasana ne, ba damar in yi fushi, amma raina yana ɓaci.

Ana tsakiyar watan aka yi mana jarrabawar gwaji, malam ya ce yau kowa bakinsa zai yi masa aiki. Liman ya sa bututu a ruwan soda, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, kuma ranar wanda ya haɗa ta ya cika hannu. Tsabar taka-tsantsan, yana zuƙa yana ɗaga kai, har bakin bututun ya fita daga ruwan. Iska ta shiga, soda ta taso gaba ɗaya ta cika masa baki.

Ya tofar, idanunsa suka yi jawur. Malam ya ja shi zuwa famfo yana ihu ya kuskure baki da ruwa mai yawa. Liman ya ɗebi ɗan kaɗan a tafin hannu kamar mai alwala, ya kuskure sau uku, ya tsaya. Akwatin magani a kulle, makullin yana aljihun shugaban makaranta, shugaban kuma ya tafi taro a ma'aikatar ilimi. Sai malam ya ɗauko madarar gwangwanin da yake shan shayi da ita, ya zuba a kofi, ya ce ya shanye yanzu-yanzu.

Liman ya rufe baki gam, ya girgiza kai.

Nan fa malaman ajinmu suka taso, yaran da ko izu biyar ba su haɗa ba. Wani ya ce, "In ka sha da gangan, kaffara ce, wata biyu a jere!" Wani ya ce soda ba abinci ba ce, saboda haka azuminsa na nan daram. Wani ya ce kakansa malami ne a Unguwar Dosa, a aika a tambayo shi. Leɓen mutum yana kumbura a gabansu, su suna ta fatawa.

Na ce, "Kai, Liman, don girman Allah ka sha! Ni zan taya ka ramawa!"

Ya harare ni, hawaye na zuba, ya nuna sama da yatsa. Wai rana ta riga ta yi nisa, saura kaɗan.

Malam ya sa shi a motarsa, na bi su asibiti. Can ma ya ƙi haɗiyar komai. Likita ya wanke masa baki, ya yi faɗa har ya gaji, ya ce sauran watan babu azumi, sai magani da abu mai ruwa-ruwa, safe, rana da yamma. Liman bai ko kula ba. Shi dai azumin yau yake so ya kai.

Ya kuwa kai. Da aka kira magariba muna zaune a tabarma a tsakar gida, ga kunun tsamiya, ga ƙosai, shi ko ruwa sai da cokali gwaggonsa, wato mahaifiyata, take ɗiga masa. Amma da leɓen nan nasa kamar an soya, murmushi yake ƙoƙarin yi mini. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa har cikin raina.

Mahaifina ya dawo daga masallaci, ya zauna, ya sa na ba shi labari tun daga farko. Mutum ne mai karatu, ba ya gaggawar magana. Da na gama ya dubi Liman.

"Da ta cika maka baki, wani abu ya wuce maƙogwaro?"

Liman ba ya ƙarya. Ya haɗa yatsu biyu, alamar ɗan kaɗan.

"To ai tun lokacin ramuwa ta hau kanka, yaro. Da ka sha madarar nan, ranar ɗaya ce dai za ka rama, ba abin da zai ƙaru. Wa ya ce maka Allah yana son ka ƙona bakinka?"

 Duk wunin nan Liman bai yi kuka da murya ba, sai a lokacin. Mahaifiyata ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta matso da kwanon koko, ta hura cokali ta ce, "Buɗe bakin, ɗana."