Mikiyar da ke Bayan Gurus ɗin Kaka

A gidanmu na Zango, a Wagadugu, Kaka ba ta fara tatsuniya sai ta sauke tukunyar tuwo bayan magariba. Sai mu matso bakin murhu, ta ciro gurus ɗinta daga wuya. Tsohon kuɗin azurfa ne da aka huda, aka zura masa zare. A gabansa akwai wata sarauniyar Turawa mai kumatu, da lulluɓi a ka. Kaka takan ce, "Ku gani, ko ita ta fi ku kunya." A bayansa kuwa mikiya ce mai kai biyu, kowane kai na duban gefensa.

Wata rana na zauna ina kumbure-kumbure. Babana Bahaushe ne, innata kuma daga cikin Mosawa take. A unguwar Larle dangin inna sun ce da ni 'yar Hausawa, na dawo Zango yara suka ce da ni 'yar Mosi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ji nake ba ni da kowa.

Kaka ta dube ni, ta juya gurus ɗin. "Kishiyata, kawo kunnenki, bar bakin nan ya huta."

Ta ce mikiyar nan, kowane kai da fiffikensa. Ɗaya na son gabas inda aka haife su, ɗaya na son yamma inda suka yi sheƙa. Kowa ya ja nasa, suka yini suna kewaya wuri ɗaya, 'ya'yansu na kukan yunwa. Sai wata tsohuwar ungulu ta ce musu su tafi gabas da safe, su dawo yamma da marece. Da suka gwada, sai ga shi sun fi duk tsuntsaye sanin dawa, don babu abin da ke zuwa musu ta baya. Sarauniya ta ji labari, ta sa aka buga su a kuɗinta.

Na ce, "To, Kaka, wane kan ne na gaskiya?"

Ta ce, "Ƙirga mini cikinta."

Na duba. Ɗaya ne.

Da na girma na ji cewa mikiyar tambarin wata daula ce ta can nesa, ba ruwanta da ungulu. Ban ji haushin Kaka ba ko kaɗan. Zangon ya tashi, ita ma ta rasu, gurus ɗin ya biyo ni unguwar Dasasgo, inda nake zaune yanzu, kumatun sarauniya duk sun goge.

Kwanan baya 'yata ta dawo daga lakwal, wato makaranta, da irin fuskar nan tawa. In na yi mata Hausa, da Faransanci take amsawa, ranar ma haka ta tambaye ni su wane ne mu. Na ciro zaren, na ba ta labarin. Ta daɗe tana juya azurfar, sannan ta ce da Hausarta mai tuntuɓe, "Maman, gobe ki koya mini harshen gabas ɗin."