Ƙanena da Ƙarfen Sanyi

Mu maƙera ne a Tawa, kaka da kakanni. Ni na zauna a maƙera, ƙanena kuwa lakwal, wato makarantar boko, ta ɗauke shi tun yana ƙarami, har ta kai shi Faransa bayan samun 'yancin kai. Da ciwon ƙirji ya kwantar da Baba, na sa aka rubuta wa ƙanena takarda. Ya zo da niyyar yin wata biyu.

Da hantsi yakan zauna kusa da zugazugi yana ba ni labarin aikinsa. Wai akwai ƙarfen da in aka sanyaya shi, sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba, wutar lantarki sai ta bi cikinsa ba ta raguwa. Amma in aka kusanto da maganaɗisu mai ƙarfi, sai waɗansu 'yan guguwoyi da ido ba ya gani su shige shi, kuma da sun fara yawo aiki ya ɓaci. Abin da ke tsayar da su wuri guda shi ne aibin ƙarfen, ɗan datti ko tabon duka. Shi aikinsa auna ƙarfin wannan riƙo.

Baba yana kwance bisa tabarma yana saurare. Ya ce shi ya ƙare rayuwarsa yana korar aibi daga ƙarfe, ashe ɗansa teku ya ƙetare neman sa. Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da kaka Baba ya rasu. Ba a yi sadakar arba'in ba takarda ta iso daga Yamai: ƙasa na bukatar malamai, an tsayar da karatun ƙanena, ya zauna nan Tawa ya koyar da lissafi. Sau uku yana rubuta roƙo, ba amsa.

Wani abokin aikinsa ya riƙa aiko masa da takardu daga Faransa. Da fari yakan wuni yana karatunsu, daga baya ya bar buɗewa. Ran da na tambaye shi dalili, yana kallon garwashi ya ce:

"Yaya, sun gama aikin. Babu sunana ciki."

Ya yi aure, ya koyar har ya yi furfura, ɗalibansa suna yabon haƙurinsa. Bai taɓa ce mini komai a kan takardar nan da na aika masa Faransa ba. Ni ma ban taɓa samun bakin tayar da maganar ba, har muka kai shi makwancinsa.