Na Tambayi Masu Yunwa da Hausar Rediyo

Da ana mayar da abin da ya wuce, da na koma wani ƙauye da ke bayan Aujara na sake yin tambaya guda ɗaya. Na yi ta da girman kai, wasu suka sha wahalarta.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Damina ta ɗauke da wuri, gero bai yi ido ba, sai aka ɗebi irinmu daga Dutse mu zaga ƙauyuka mu ji inda ya kamata a fara kai hatsi. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma abin yana damuna. Shi ya sa na sa aka fassara min tambayoyin da aka ba mu da Turanci zuwa irin Hausar da ake karanta labarai da ita a rediyo, na haddace, don kada a raina ni.

Na tara magidanta a ƙofar gidan mai unguwa, na fara da wani dattijo mai shanun noma. Na ce, "Baba, shin iyalinka na fuskantar matsalar ƙarancin abinci a halin yanzu?"

Ya dube ni, ya dubi maƙwabtansa. Surukinsa ma yana zaune a wurin.

"Malam, ka ce me?"

Na maimaita yadda na faɗa, har da ɗaga murya. Wani daga baya ya ce, "Baba, rediyo ce ta zo da ƙafarta, sai ka gaishe ta." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Dattijon ya ce, "To, alhamdu lillahi, ɗana. Mun gode wa Allah."

Duk wanda na juya gare shi abin da ya ce ke nan. Ni ɗan ƙauye ne, na san magidanci ba ya tona rumbunsa a gaban surukai, na kuma san wannan godiyar ba amsa ba ce. Amma na hau kekena na koma na ce ƙauyen ba su da matsala.

Wata abokiyar aikinmu da aka tura wajen Miga, cikin gidaje ta riƙa shiga tana zama a gindin murhu. Ta ce min abin da take tambaya kawai shi ne, "Inna, jiya me kuka dafa?" Sai mata su yi ta ba ta labari, har da ganyen da suke tsinkowa a daji. Ƙauyukanta suka samu hatsi. Nawa bai samu ba.

Bayan an yi shuka wani aiki ya sake bi da ni ta can. Gidan dattijon a rufe, gonarsa duk ciyawa. Mai unguwa ya ce tun da rani ya sayar da shanun, ya kwashe iyalinsa suka yi kudu. Bai zarge ni ba, har ruwa ya sa aka kawo min. Na yi ta cigiya a kasuwanni, ban taɓa samun wanda ya san inda suka sauka ba.

Ku da ake aika ku yanzu, don Allah kada ku yi irin tawa. Ku ja mutum gefe, ku zauna, ku tambaye shi yadda za ku tambayi mahaifinku.