Haƙorin da Dada Take Ɗaurewa a Bakin Zane

Ni ba mutum ne mai fara'a ba, kowa a Yalwawa zai shaida maka. Amma ranar Talatar nan, da furfurata da komai, rawa na taka a tsakar gida. Bari in faro daga tushe.

A rugarmu ta gefen Buji, da an idar da magariba sai a hura wuta a yi wa shanu hayaƙi saboda sauro. Nan Dada, kakata ta wajen uba, take zama mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai ta kwance bakin zanenta ta fito da wani abu baƙi mai tsini, tsawon babban yatsa, gefensa da ƙananan tsaga kamar lauje. Kakanmu ne ya tsinto shi cikin wani farin dutse, shekarar da ya kai shanu gabas wajen kogin Gongola.

"Ga ta nan," in ji ta, "wanda ya yi gyangyaɗi kifi ya haɗiye shi." Sai ta miƙa mana kowa ya shafa. "Bafulatani ba ya tambayar saniya shekarunta, bakinta yake buɗewa. To ku duba da kyau, wannan ba haƙorin mai cin ciyawa ba ne."

Wai da can babu gona babu burtali, ruwa ne iya ganinka. A cikinsa akwai kifin da ya fi bijimi goma. Duk cizon da ya yi sai haƙori ya fita, wani ya tsiro a bayansa, don haka bai taɓa koyon ci a hankali ba. Ya cinye ƙanana, ya cinye manya, ya koma kan danginsa. Ruwan kansa ya tsorata, ya naɗe kaya ya yi kudu kamar makiyayi da rani.

Na ce, "Dada, to ina ƙashinsa?"

"Kai, wannan miji nawa da tambaya! Mai haɗama ai haƙori kaɗai yake bari. Ƙurunƙus kan kifi, yau ɓera ya huta."

Ina aji huɗu na roƙe ta na kai haƙorin makaranta, na ba da labarin kifin da tekun da ya rayu a ciki. Malaminmu ya juya shi ya ce, "Teku a Buji? Inda rijiya ma sai an haɗa igiya biyu?" Bulala shida ya yi mini don ƙarya, yara suka laƙaba mini Sarkin Teku. Na dawo na jefar da haƙorin gaban Dada na ce, "Ƙarya kike mana." Ta ɗauka, ta goge, ta ɗaure. Ba ta sake yin tatsuniyar ba har ta koma ga Allah. Ni kuma sunan nan ya bi ni har na bar makarantar, na ƙare a dako da gadi.

To ranar Talata 'yata Hadiza, mai karatun duwatsu a jami'a, tana duba wani hoto a waya, na leƙa. Wallahi shi ne! Tsinin, tsagar, komai!

"Ke, mene ne wannan?"

"Haƙorin kifin shak ne, Baba, irin waɗanda suka ƙare tun kafin mutane. Ƙashinsu guringuntsi ne, ruɓewa yake, haƙoran kawai ake samu. Ai teku ta taɓa shigowa arewa."

"Sake faɗa!"

"Baba, lafiya?"

Lafiya lau! Na kira Yaya Asabe a Garki, ita aka ba wa kayan Dada. Ta ce, "Dutsen nan? Shi nake rataya wa jikoki in suna haƙori. Sarkin Teku, ka tashi ne?" Karo na farko da sunan ya yi mini daɗi.

Washegari na hau mota. Malamin ya daɗe da rasuwa, da har gida zan kai masa wayar. Dada kuwa, wadda nake son in durƙusa wa, sai dai addu'a. Shekara arba'in ina ganin tatsuniyarta ce ta cuce ni, ashe ni ne na ciji hannun da ya miƙo mini gaskiya.

Da na isa, Yaya ta sa mini haƙorin a tafin hannu. Na goga yatsa a gefensa yadda muke yi a bakin wuta, sai ga jini.

Ta ce, "Af! Dada ta rama."