Zabina na Hatta da gardamar harsashi

Ni 'yar maharbi ce. Wannan nake so a fara sani, don kada wani ya ce tsufa ne ke sa ni faɗa. Ubana da adaka ya ciyar da mu, bindigar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma tun ina ƙarama ni ke miƙa masa ƙahon albarushi in zai shiga daji. Amma sai da kaina ya yi fari fat na zo Dubai na zauna ina kallon maza biyu masu digiri suna gardamar harsashi har kusan wata guda, alhali a cikinsu babu wanda ya taɓa harbin ko ƙadangare.

Ɗana na fari ne ya kawo ni saboda ciwon gwiwa, shekara biyu kafin korona. Injiniya nake ce masa, tunda bakina ba ya kama sunansa. Muna zaune a Abu Hail, hawa na huɗu. Ba kaza, ba akuya, ba ƙasar da mutum zai taka da tafin ƙafarsa. Ni da asuba ke riska a bakin akurki, sai ga ni ina gaisawa da na'urar sanyaya ɗaki.

Injiniya yana da wani abokin aiki, Balarabe ɗan ƙasar, wanda mahaifinsa ke da gona a Hatta, can cikin duwatsu. Wata Asabar aka gayyace mu. Ban gama fitowa daga mota ba na ji kukan zabi. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Dattijon mai gonar ya ga na tsaya, sai ya kawo kuka ta bakin ɗana: zabuwarsa tana ƙwai tana watsarwa, shekara biyu ko ɗan tsako bai gani ba.

Na ce, "Gaya masa zabuwa ba a dogara da ita. Kaza ake ba wa ƙwan."

Na zaɓi wata jar kaza da ke neman kwanci, na jera mata ƙwai goma sha biyar da hannuna. Sha ɗaya suka fito. Dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Naki ne, Hajiya. Halas." Tun daga ranar, a duk faɗin ƙasar nan mai gidaje har sama, ni ma ina da abin da zan ce nawa ne. Kowace Asabar sai an kai ni, da gerona a leda, mu juyo da la'asar don gudun cunkoson hanya.

Mai kula da gonar mutumin Gana ne, ɗan Zongo, magidanci mai ladabi, yana jin Hausa irin tasu. Zabin sun girma sun yi zane, sai wata Asabar na ƙirga na ga goma. Mako na gaba, takwas. Ya kai ni gindin katanga ya nuna mini gashi a warwatse.

"Mma, yanyawa ce. Daga dutse take saukowa."

A mota na faɗa wa Injiniya. Da na sani na yi shiru. Kafin mu iso gida ya kira surukina, mijin autata, likitan haƙori ne a Bur Dubai, ya ce masa bindiga za a nema.

Ranar Juma'a bayan masallaci suka baje a falo, kowa da wayarsa, Turawa na ta harbi a ciki. Wai ƙananan bindigogi ne na harbin zomo da su yanyawa, kuma kowace da lambarta. Na tambayi ma'anar lambar, aka ce kaurin harsashi ne. Akwai mai ashirin da biyu, harsashinta kamar ƙwayar wake. Akwai mai sha bakwai, nata kamar ƙwayar dawa.

Injiniya ya ce, "Ashirin da biyu za a saya. Ba ta da ƙara, kuma ita kowa ya sani."

Likita ya ce, "Haba Yaya, wannan ta kurege ce. Sha bakwai ta fi gudu, tana tafiya a miƙe, daga nesa za ka same ta."

"A Hatta? Da iskar nan ta tsakanin duwatsu? Kafin ƙwayar dawarka ta isa, iska ta kai ta Oman."

"To a ɗauki babbar ashirin da biyu, mai dogon kwanso."

"Ita kuma in ka harbi zomo da ita, sai dai ka kwashi miya."

"Wa ya kawo maganar zomo, habibi? Yanyawa muke nema."

"In an saya ai har zomo za a ci."

Ina zaune ina taɓe baki. Suruki ba a yi masa gatsali, don haka na juya wajen ɗana na yi maganar yadda kowa zai ji. Na ce ubana in fakara ko zomo zai harba, ƙananan tsakuwa yake ɗurawa don kada nama ya lalace. In dila ne, guntun ƙarfe ɗaya. Wannan ba sabon ilimi ba ne, kuma bai taɓa ɓata yini a kai ba. Amma kafin ya taɓa albarushi sai ya je ya duba sawu, ya gane ta ina dabba ke shigowa, da abin da ya sa ta samu sauƙi.

Na ce, "Ku kun je kun duba?"

Injiniya ya ce, "Inna, wancan zamanin da ne. Yanzu akwai madubin hange a kan bindiga."

Likita ya sunkuyar da kai yana murmushi, wai shi mai kunya.

Asabar ta zo, zabi bakwai. Juma'a ta zo, gardama. Har takarda Injiniya ya zana, da layuka masu lanƙwasa, wai yadda harsashi ke faɗuwa. Autata ta kawo musu shayi ta ce su yi shwayya-shwayya, wato a hankali, maƙwabta na ji. Asabar ta sake zuwa, shida. Ta gaba, biyar. Ranar na zauna a kan wani bokiti na ce ba inda zan je sai na ga magariba a gonar nan.

"Inna, hanya za ta cushe."

"Ta cushe. Ka tafi ka bar ni."

Bai tafi ba. Shi da Likita suka tsaya jikin mota suna auna nisan katanga da taku.

A tsakiyar gonar akwai wata babbar kurna. Rana na faɗuwa zabina suka nufe ta da gudu, kamar yadda kowane zabo ke yi tun da aka halicce shi, don zabo a sama yake kwana. Na farko ya yi tsalle, ya karkata gefe ɗaya, ya faɗo. Na biyu ma haka. Suka yi ta tsalle suna faɗowa, har suka haƙura suka taru a gindin bishiyar, a ƙasa, inda ko kyanwa za ta ɗauke su.

Ban san lokacin da na manta da gwiwa ba. Na jefa mayafina a kan ɗaya, na kama, na buɗe fiffike. An datse shi da almakashi.

Na kira mutumin Gana. "Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Mma. Suna tsallaka katanga zuwa gonar maƙwabci, yana ta faɗa. Haka muke yi wa kaji a Zongo."

"Kaji! Kai ka ga wannan ta yi maka kama da kaza? Ka yanke musu fiffike, ka bar su a waje, ai kai ka shimfiɗa wa yanyawa tabarma."

Ya ce shi a birni ya tashi, bai taɓa kiwon zabo ba. Na buɗe baki zan ƙara, sai na rufe. Mako nawa ina zuwa ina watsa musu gero, ni 'yar maharbi, ban kama ko ɗaya na duba ba? Ni ma sawun da nake wa mutane gori ban duba shi ba. Wannan ban faɗa a fili ba, kuma ba wanda ya tambaye ni.

Hayaniya ta fito da dattijon mai gona. Injiniya ya yi masa bayani, har ya nemi shawararsa tsakanin ashirin da biyu da sha bakwai. Dattijo ya dube shi ya dubi Likita, ya yi dariya har da riƙe gemu. Ya ce a ƙasar nan hukuma ta hana harbin naman daji, shi kansa ɗan ƙasa ba ya yi, balle baƙo mai zama da biza ya shigo gonarsa da bindiga. Kusan wata guda ke nan suna gardama a kan abin da ba mai sayar musu, kuma a cikinsu ba wanda ya tuna ya tambaya.

Na ce a kamo mini sauran. Gashin da aka datse ba ya tsiro sai an cire guntunsa, don haka na zauna na fige su ɗaya bayan ɗaya, zabi na ihu, Likita na kawar da kai, shi da yake cire haƙoran mutane. Na sa aka ɗaure kejin waya da igiya aka rataye a reshen kurna, na ce kullum kafin magariba a saka su a ja sama. Injiniya ne ya hau tsani da farar rigarsa, ƙayar kurna ta yage masa hannun riga. Ban ce sannu ba.

Duk da haka na ƙara rasa ɗaya, wata mai taurin kai da ta ƙi kamuwa wani yammaci. Saura huɗu.

Wajen mako shida bayan nan na sake cewa sai na ga magariba. Aka bar kejin a ƙasa. Zabin suka zo gindin kurna suna ta kai da kawowa, suna leƙen sama. Sai babban ya buɗe fiffike, fir, ya kama reshe. Sauran suka bi, ta ƙarshe sai da ta gwada sau biyu. Na ƙirga su a sama, huɗu, na sake ƙirgawa.

A hanyar dawowa, cunkoso ya riƙe mu, sai na ji Likita daga gaba yana cewa ƙasa-ƙasa, "Amma fa Yaya, da an yarda, sha bakwai ce."

Na ce, "Injiniya, ƙara mini muryar rediyon nan."