Zanzaron Aukje

Aukje Wiersma ba ta taɓa iya kaɗa jita ba, amma duk makaɗin jitar da ya san ciwon kansa a Holan ya san sunanta. Tana budurwa ta yi shekara shida a wani ɗan shago a Harlingen tana haɗa feda, ɗan akwatin nan da makaɗi ke takawa da ƙafa ya sauya amon jita. Nasu ana ce masa Zanzaro, don ƙugin da yake yi. Ɗari uku kacal suka yi shagon ya mutu, ita kuwa ko ɗaya ba ta ajiye ba. Wa ke ajiye abin da yake yi kullum?

Yau ga shi Zanzaro ya zama kayan gado, 'yan jabu sun cika duniya da shi. Su jiƙa akwati a ruwan gishiri ya yi tsatsa, su goge fenti a gurbin ƙafa, wai tsufa. Sai masu tara irin kayan nan su niƙo gari har kicin ɗinta don ta tantance musu. Ta zuba musu kofi, ta kwance murfi, ta leƙa. Da zaren kaki take ɗaure wayoyinta, ƙullin komar kifi da ta koya wurin babanta, kuma bahaguwa ce. Wannan ƙulli ya gagari kowa. Shekara tara tana dubawa, duk jabu.

Ita dai abu ɗaya take so, ta sake jin amon nan kafin kunnenta ya rufe. Na hagu ya riga ya tafi, na dama saura ƙiris. Da hantsi takan zauna bakin taga tana kallon jiragen ruwa na shigewa cikin hazo shiru, ta ga kamar mijinta Wiebe, da ya rasu tuntuni, yana tsaye da jita yana gwada sabon feda, ƙurar katako na yawo cikin hasken rana. Fuskarsa tana nan daram. Amon ne ya ɓace mata, abin yana cin ranta ƙwarai.

Ran wata Laraba sai ga Tjeerd, wani likitan haƙori daga Zwolle, da farar safar hannu, ya rungumo akwati kamar jinjiri. Ta ɗaga murfin. Ga ƙullinta, ya karkata hagu, zaren ya yi ruwan zuma.

Ta roƙe shi su jona shi da jitar Wiebe. Mutumin ya ja baya. Wai na asali ba a ba shi wuta, kada wani abu ya ƙone darajarsa ta faɗi. A cikin gilas zai zauna. Ku ji shirme fa! Abin da aka yi don a taka.

Aukje ta daɗe tana kallon ƙullin. Ba ta taɓa ƙarya a kan aikinta ba.

"Likita, kwantar da hankalinka," ta ce. "Jabu ne. Sun yi maka wanki."

Tjeerd ya zauna jagwab. Can ya cire safar ya jefa kan tebur, ya ce to a taka mana, me ya rage. Shi ya ɗauki jitar da kansa, ashe gwani ne. Ta zare takalminta ta taka.

Kofuna suka yi rawa a kan kanta. Ta ji katakon ƙasa yana girgiza a tafin ƙafarta, ya hau gwiwa, ya kai ƙirji. Ta karkata kunnen dama, ta matsa, ta ƙara matsawa har kumatunta ya taɓa lasifika. Ba komai, sai wani gunji can nesa kamar teku a bayan bango.

Ta ɗago. Likita ya lumshe ido yana ta kaɗawa, bakinsa a buɗe, hawaye na bin gemunsa. Ta bari sai da ya kai ƙarshe.

"Na yi maka ƙarya, ɗan nan. Nawa ne, da hannuna na yi shi." Ta jawo kujera ta zauna daf da shi, ta zuba wa leɓɓansa ido. "Yanzu faɗa mini yadda yake. A hankali, yadda zan gani."