Itatuwan da muka rena wa Alhaji

Bayan babban farin nan na farkon shekarun saba'in, hurumin da ke bakin gulbi a ƙauyenmu, kusa da Bunguɗu, ya koma fili fetal. An sassare rassa don shanu, abin da ya rage ya bushe a tsaye. Can ne mata ke samun ɗorawa da tsamiya ba tare da roƙon kowa ba, kuma Innata da daddawa take riƙe gidanmu tun rasuwar Baba.

Lokacin ina koyarwa a firamare. Ni da wasu samari muka ce bari mu mayar da itatuwan, aikin gayya, ba wanda ya sa mu. Malamin daji ya zo daga Gusau da dashen itacen dogon yaro, muka ce mun gode, na gida muke so. Muka kafa rumfar zana bayan makaranta, muka tara gwangwanaye da fasassun tukwane. Irin gawo cikin kashin awaki muka tsince shi, ana ta yi mana dariya, wai malam ya bar alli ya koma bin akuya. Inna ta ba mu kalwa, ta kuma ɗauki ban ruwa a kanta. Duk rani da tulu take zuwa, ga ciwon gwiwa.

Da damina ta sauka dashe ya kai, amma kowa na gonarsa, noma ya sha kanmu. Sai ga wani Alhaji mai motar ɗaukar gyaɗa, ya ce yaransa za su kwashe su dasa mana, saboda Allah. Wallahi har addu'a muka yi mai. Mu da aka haifa a garin, mun san wanda ya sa itace a ƙasa shi ke da shi, har ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Amma wa zai kawo wannan a ransa kan hurumin gari?

Kaka na wucewa Alhaji ya zagaye wurin da shingen ƙaya.

Muka kai ƙara gaban dattawa. Na yi bayani har muryata ta dishe: irin namu, ruwan namu, wahalar tamu. Babbansu ya bari na gama, ya ce, "Malam, mun ji. Wa ya dasa?" Na ce mu muka rena. Ya ce, "Ba reno nika tambaya ba. Hannun wa ya sa su ƙasa?" Alhaji na zaune yana jan carbi, ko kallona bai yi ba. Samarin da muka yi aikin tare kuwa kowa ya sunkuyar da kai, don rabinsu gyaɗarsu a motarsa take zuwa Gusau. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi.

Na koma gida na gaya wa Inna wurin ya tafi. Ta ce, "To, shi yana ba su ruwa?" Na ce ina fa! Shi fili yake so.

Washegari na gan ta da tulu ta nufi gulbi. Na tare ta, na yi faɗa, na ce Inna, wahala za ki yi wa ɓarawo? Ta ce, "Kauce min. In bar su su mutu ina kallo?" Haka ta yi ta zura ƙoƙo ta cikin ƙaya, hannunta duk karce, har damina ta dawo.

Na tsakiya, waɗanda hannunta bai kai ba, duk sun mutu. Na bakin shinge ne suka rayu, a jere, gwanin kyau. Shingen ya daɗe da ruɓewa. Yau in rigimar iyaka ta taso, layin ɗorawar nan 'ya'yan Alhaji ke nuna wa alƙali.